Gidan Kiwon Karnuka: Aikin da Ke Bayan Katanga da Yadda Ya Shafe Mu

A gefen biranenmu, musamman Abuja da Jos da Kaduna, an samu wata sana'a da iyayenmu ba su san ta a wannan siffa ba. Gida ne na iyali, maigida da uwargida da 'ya'yansu, wani lokaci da yaron gida ɗaya ko biyu, amma a bayan gidan an jera ƙananan ɗakuna masu ƙofar ƙarfe, kowanne da kare a ciki. Wasu karnukan na gidan ne, ana kiwonsu don su hayayyafa a sayar da 'ya'yan. Wasu kuwa baƙi ne: masu su sun yi tafiya, suka kawo su ajiya na kwana uku ko mako biyu ko wata guda, suna biyan kuɗin ci da kwana. Yawancinmu abin da muka sani game da irin wannan gida bai wuce haushin da muke ji da dare ba, sai allon da ke ƙofa mai gargaɗin a yi hattara. Daga nan kowa ya yanke hukuncinsa. Wani ya ce ƙazanta ce, wani ya ce harkar masu kuɗi ce, wani kuma ya ga kamar hanyar samu ce cikin sauƙi, ya sayi karya ɗaya ya ɗaure a bayan ɗaki yana jiran riba.

Ya kamata mu san abin da ke gudana a bayan wannan katanga, ko da ba mu taɓa tunanin ajiye kare ba. Ruwan da ake wanke ɗakunan da shi lambatun unguwa yake bi. Kwikwiyon da aka haifa a can, gobe shi ne karen gadin maƙwabcinmu, wanda yaranmu za su riƙa wucewa ta ƙofarsa in za su makaranta. In an yi aikin bisa ƙa'ida, unguwa ta samu karnuka masu lafiya da natsuwa. In an yi shi da ka, cuta da cizo ne za su fito. Mafi yawan kurakuran da ake yi a harkar kuwa rashin sani ne ke kawo su, nasu da namu.

Kare dai ba baƙo ba ne a wajenmu. Mafarauta sun daɗe suna fita daji da karnukansu da rani, makiyaya na barin nasu a bakin ruga, Buzaye kuma a ƙasar Azawak, tsakanin Nijar da Mali, suna da wani dogon kare siriri mai gudu wanda duniya ta san shi da sunan yankin. Abin da ya canza shi ne irin karnukan da ake nema a birni da yadda ake riƙe su. Tun da matsalar tsaro ta yi ƙamari, mutane suka koma neman manyan karnukan ƙetare: Alseshiyan da Rotwaila, waɗanda asalinsu Jamus ne, da Bowabul na Afirka ta Kudu, da Kokeshiyan mai tarin gashi, wanda ya fito daga duwatsu masu sanyi na yankin Jojiya da kudancin Rasha. Karen ƙauye yana yawonsa, ya nemi inuwa da kansa, ya san inda ruwa yake. Wanda aka rufe a ɗaki ba shi da wannan dama. Cinsa da shansa da tsaftarsa da motsa jikinsa duk sun rataya a wuyan mutum, kullum, babu hutun Sallah babu na Kirsimeti.

Shi ya sa ranar irin wannan gida take farawa tun kafin rana ta ɗaga, kuma da dubawa ake farawa kafin abinci. Mai gidan kan bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya yana kallo: wanne ya taso da murna yana kaɗa jela, wanne ya kwanta a lungu bai ɗaga kai ba, wanne ya bar abincin jiya, wanne ya yi amai. Sannan ya dubi kashin kowanne kafin a kwashe, domin kare ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo. In kashin ya yi ruwa, ko akwai jini ko majina, ko an ga tsutsa, an samu labari tun ciwo bai ci jiki ba. Gogaggen mai kiwo yakan ɗaga leɓen kare ya dubi dasashi. In da ja-jansa, lafiya lau; in ya yi fari, jini na ƙarewa, kuma galibi kaska ce ko tsutsar ciki ke shanye shi.

Daga nan sai shara da wanki, su ke cinye safiya har hantsi ya dubi ludayi. Akwai tsarin da ake bi wanda baƙo ba zai lura da shi ba. Ana farawa da ɗakin masu jego da 'yan kwikwiyo, a wuce zuwa manyan karnukan gida, sannan baƙin da aka kawo ajiya, a ƙare da ɗakin marar lafiya, wanda ke da tsintsiyarsa da bokitinsa da kwanonsa daban. Takalmi da tsintsiya suna ɗaukar cuta, don haka ake fara wa masu rauni, kuma in an wuce ba a komawa baya. A kwashe kashi da shebur, a wanke daɓen siminti da sabulu, a bi da ruwan bilic, a ɗauraye, a bari ya bushe kafin a mayar da kare.

Amfanin wannan kwashe kashi na kullum ya wuce maganin wari. Akwai tsutsar ciki da kusan kowane kwikwiyo ke zuwa duniya da ita, domin tun yana ciki take ratsowa daga uwa. Ƙwanta na fita a cikin kashi, amma ba ya iya kama kowa sai ya yi mako biyu zuwa huɗu a ƙasa ya nuna. Wanda ke kwashewa kullum ya yanke mata hanya. Wanda ya bari ya taru, ko ya watsa shi bayan katanga, ya shuka ƙwan a ƙasar da yara ke wasa, inda zai iya shekaru da ransa. Yaro ya ci abinci da hannu marar wanki, tsutsar ta yi yawo a jikinsa, ta taɓa hanta, wani lokaci har ido. Akwai wata kuma da ke huda fatar ƙafar mai tafiya ba takalmi a ƙasa mai danshi. Saboda haka gidan da ya san aikinsa yake haƙa rami na musamman mai murfi don kashi da ruwan wanki, nesa da rijiya; masana tsafta kan ba da shawarar tazarar mita 30 tsakanin irin wannan rami da ruwan sha.

Abinci shi ne ke cin kuɗi. Busasshen abincin kare na buhu ya yi tsadar da gidaje da yawa ba sa iya dogara da shi kaɗai, sai su haɗa da girki: shinkafa ko garin masara ko ɓarɓashin taliya, da kan kaza da ake dafawa a niƙa, da kayan ciki daga mayanka, da kifi, da ɗan ganye. Tukunyar karnuka daban take da ta mutanen gida. Babban kare sau biyu yake ci a rana, 'yan kwikwiyo sau uku ko huɗu. Ba a cika wa babban kare ciki sannan a sake shi ya yi gudu, domin masu zurfin ƙirji irin Alseshiyan cikinsu kan kumbura ya murɗe, abin da ke kashewa cikin sa'o'i kaɗan.

A nan da yawa daga cikinmu muke kuskure, saboda mun saba ɗaukar kare a matsayin mai cinye ragowa. Miyarmu cike take da albasa da tafarnuwa, su kuwa suna lalata jinin kare in sun yi yawa. Cakulan guba ne gare shi, haka ma goro. Inabi da zabibi na iya kashe masa ƙoda. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Sai babban cikinsu, wanda ya shafi lafiyar mutane kai tsaye, wato ɗanyen kayan ciki. Idan aka yanka rago ko saniya ko raƙumi aka ga hanta ko huhu da ƙulli mai ruwa a ciki, abin da muka saba shi ne a yanke wurin a jefa wa kare. Wannan ƙulli gidan wata tsutsa ce. In kare ya ci, ta girma a hanjinsa ba tare da ya nuna alama ba, ƙwanta ya fita a kashinsa ya manne a gashinsa, ya koma ga dabbobi da mutane, ya sake yin irin wannan ƙulli a hantar mutum ko huhunsa, wanda sau da yawa sai an kai ga tiyata. Mai kiwon da ya sani yana dafa kayan ciki sosai, abin da ya lalace kuma ya ƙone shi ko ya binne da zurfi. Wannan ya kamata kowane gida ya riƙe shi ranar layya, da kare a gidan ko babu.

Da rana ta take, aikin ya koma neman inuwa da ruwa. Kare ba ya gumi ta fata kamar mu, haki ne kusan hanyarsa kaɗai ta fitar da zafi. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, ɗaki mai rufin kwano marar iska na iya kashe kare mai tarin gashi a yini guda. A ganina, kai Kokeshiyan irin waɗannan garuruwa ba tare da tanadin sanyaya masa wuri ba cutar da dabba ne, ko da mai shi ya yi don ƙauna. Damina kuma lokacin kaska ce. Kaskar kare a tsagar bango take ɓuya ta zuba ƙwai dubbai, don haka wanka kaɗai ba ya raba shi da ita sai an toshe tsagogi an yi wa ɗakin feshi. Ban da shan jini, tana sa masa zazzaɓi mai fasa jini. A nan ma ana yawan ɓarna da kyakkyawar niyya: a yi wa kare wanka da fiya-fiya ko maganin feshin gona, a shafe masa ƙazwa da baƙin mai, a ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Waɗannan suna kashe karnuka, fiya-fiya kuma ba ya ƙyale yaron da aka sa aikin da hannu tsirara. Akwai magungunan da aka yi don kare, likitan dabbobi ne ke faɗin wanne da adadinsa bisa nauyin jiki.

Da la'asar sakaliya ake fito da su bi da bi, a zagaya da su da igiya ko a sake su a fili mai shinge. Yawanci wannan rabon samarin gidan ne bayan an taso makaranta. Mai kallo zai ɗauka wasa ne, alhali shi ne maganin abin da ya fi damun maƙwabta, domin karen da ya yini a kulle, bai yi gudu ba, bai ga kowa ba, shi ke kwana haushi. Wanda aka ɗaure da gajeriyar sarƙa wata da watanni don wai ya yi zafi, tsoro yake tarawa, kuma matsoracin kare ya fi kowanne saurin cizo, ba ya kuma bambance ɓarawo da almajirin da ya leƙo bara. Karen gadi na gaske shi ne mai jin maganar mai shi: a ce ya tsaya ya tsaya, a kira shi ya dawo.

Lokacin haihuwa ne iyali ke sanin nauyin sana'ar. Karya takan nemi barbara kamar sau biyu a shekara, cikinta kuma kwana 63 ne, da ƙari ko ragin 'yan kwanaki. Manyan karnuka kan haifi shida zuwa goma, sau da yawa da tsakar dare, kuma dole wani ya kwana kusa. 'Ya'yan na zuwa ido rufe, kunne toshe, ba sa buɗe ido sai bayan kwana 10 zuwa 14. A makonnin farko ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu, shi ya sa sanyin hunturu ke kashe su in ba a yi tanadi ba. Babbar uwa kuma na iya danne ɗa ba ta sani ba. Abin da ya fi muhimmanci a yinin farko shi ne kowanne ya sha dakashi, wato nonon farko, wanda ke ɗauke da kariyar uwa. Ana ɗora su a sikeli kullum a rubuta. Lafiyayyen kwikwiyo kan ninka nauyinsa cikin kwana goma, wanda ya tsaya cak kuwa taimako yake nema nan take. Daga mako biyu ake fara maganin tsutsa, a riƙa maimaitawa duk mako biyu, daga mako uku zuwa huɗu kuma a fara koya masu abinci mai laushi.

Ba a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako takwas. Masu saye kan matsa a ba su tun yana mako huɗu ko biyar, wai ya fi sabawa da su, mai kiwon da abinci ya yi wa tsada kuma ya amince. Amma a waɗannan makonni ne yake koyo daga uwarsa da 'yan'uwansa cewa cizo yana da zafi kuma wasa yana da iyaka. Nan ne kiwon iyali yake da fifiko in an yi shi da sani. Kwikwiyon da ya tashi yana jin muryar mata da yara, da ƙarar turmi da ta babur, ana ɗaukarsa ana ajiyewa cikin tausasawa, yakan girma da natsuwa. Wanda ya tashi bai ga mutum ba sai mai zuba masa abinci, kowane baƙo abin tsoro ne a wurinsa, kuma da wuya a gyara shi daga baya.

Jarrabawar mai kiwo ita ce kuɗi. Idan buhun abinci ya ƙare ga kuɗin makarantar yara, zuciya kan raya masa ya haɗa karya tun ba ta gama girma ba, ko ya haɗa ta duk lokacin da ta nema ba hutu, ko ya haɗa uba da 'ya don gudun biyan kuɗin barbara a wani gida. Manyan karnuka ba a so a haɗa su kafin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Haɗa jini ɗaya yana fito da lalurorin gado, irin ciwon ƙugu da ke gurgunta Alseshiyan da Rotwaila tun suna da sauran ƙarfi, kuma hali ma ana gadonsa. Abin da ke tsare gida daga wannan shi ne littafi: wace ce uwa, wane ne uba, yaushe aka haifa, yaushe aka yi allura, wa ya saya. Gidan da ba shi da littafi, da ƙwaƙwalwa yake aiki, ƙwaƙwalwa kuwa tana mantuwa.

Cutar da masu kiwo suka fi tsoro ita ce wadda suke kira farbo, wadda ta bazu a duniya a 1978. Amai ne da gudawar jini mai tsananin wari, takan share 'ya'yan ciki guda cikin 'yan kwanaki. Ƙwayarta na yin watanni a ƙasa, tana tafiya a tafin takalmi da tayar mota, kuma yawancin magungunan goge ɗaki masu ƙamshi ba sa kashe ta, sai bilic, ma'auni ɗaya a ma'auni 30 na ruwa. Don haka in mai kiwo ya ce mu tsoma takalmi a ruwan magani, ko ya hana mu taɓa jarirai, kada mu ɗauke shi wulaƙanci. Allurar da ke kare su daga farbo da wasu cututtuka ana fara ta a mako shida zuwa takwas, a maimaita duk mako uku ko huɗu har su kai mako 16. Ana maimaitawa ne saboda kariyar da suka sha a nonon uwa takan hana allurar farko kamawa, kuma ba a san ranar da za ta janye ba. Allura ɗaya ba ta isa. Ita kanta allurar sai an riƙe ta a sanyin digiri 2 zuwa 8. Wadda ta yini a aljihun mai talla ko ta kwana a firjin da babu wuta ta riga ta mutu.

Ɓangaren ajiya kuwa amana ce tsantsa. Gidan kirki ba ya karɓar kare sai ya ga katin rigakafi, ya duba jikinsa ko da kaska, ya tambayi abin da ya saba ci, da maganin da yake sha, da halinsa da yara da sauran karnuka, da wanda za a kira in wani abu ya faru. Baƙo ba ya haɗuwa da karnukan gida. Yakan ƙi abinci a kwanakin farko saboda kewa, yakan kuma nemi hanyar gudu, shi ya sa ake yin ƙofa biyu, ba a buɗe ta waje sai an rufe ta ciki. Akwai wani busasshen tari da ke yaɗuwa duk inda aka tara karnuka a wurin da iska ba ta ratsawa, don haka cunkoso a watan Disamba da lokutan hutu ba alamar ci gaba ba ce. Mu masu kai ajiya kuma mu tuna ba a fafe gora ranar tafiya: allura na bukatar kamar mako biyu kafin ta kama jiki, kuma kyau a je a ga ɗakin da ido kafin ranar.

Abin da ya sa maganar ta wuce ta masu kare ta zama ta kowa shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin ɗari daga kare ake ɗaukarsa, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari na waɗanda yake kashewa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar tana cikin miyau, ta shiga ta cizo ko yakushi ko lasar rauni, ta bi jijiya a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ta bayyana, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci shekara. Wannan jinkiri ne ke yaudararmu: rauni ya warke, an manta, sai ga zazzaɓi da firgita da tsoron ruwa, a ce iska ce ko sammu. Da zarar alamu sun fito, kusan babu mai tsira. Amma kafin su fito ana iya tare ta, kuma an san haka tun 1885, lokacin da Louis Pasteur na Faransa ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara da mahaukacin kare ya ciza allura, ya rayu.

Hanya mafi arha ita ce a tare ta a jikin kare. In aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura, cutar na rasa hanyar yawo. Da haka Mekziko ta kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2019 cewa ta kawar da haukan kare daga cikin matsalolin lafiyar jama'arta, kuma manufar duniya ita ce a kai 2030 babu mai mutuwa ta wannan hanya. Mu ma muna da abin aiki. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar, tana kuma gwada ƙwaƙwalwar karen da ake zargi. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ga asibitocin dabbobi na jihohi. Ana yi wa kare allurar yana wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara. Gidan kiwo yana tsakiyar wannan aiki, domin ta hannunsa kare ke shiga gidajen mutane, kuma abin da ya koya wa mai saye ranar farko shi ne abin da mai sayen zai riƙe.

Ga da yawa daga cikinmu akwai tambayar addini, kuma ba a tsallake ta. An halatta riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, malamai da dama kuma sun haɗa da gadin gida in akwai bukata. Mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Musulmin ƙasar nan ke bi, ba ta ɗauki jikin rayayyen kare a matsayin najasa ba, ko da yake ana wanke kwanon da ya sa baki sau bakwai. Game da ciniki, Risalar Ibn Abi Zaid ta kawo hanin sayar da karnuka, ta kuma ambaci saɓanin malamai kan wanda aka yi izinin riƙewa. Mai son shiga sana'ar ya je wurin malaminsa ya tambaya. Inda babu saɓani shi ne dabbar da mutum ya tsare haƙƙinta na kansa, kuma mun san hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Haƙƙin maƙwabci kuwa, Musulmi da Kirista duk sun san girmansa.

To, mene ne namu? Mai son sayen kwikwiyo ya je gidan da aka haife shi, ya ga uwar da idonsa, ya ga inda suke kwana, ya nemi katin da ke da kwanan wata da tambarin allura da sa hannun likita. Hoto a waya ko keji a bakin titi ba sa faɗa masa komai. Ya kuma lissafa kafin ya biya, domin kare kan yi shekara goma ko fiye, kuma kuɗin sayensa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da zai ci. In ba kiwo zai yi ba, likita na iya yi wa namiji fiɗiya ko ya cire wa mace mahaifa, a rage 'ya'yan da ake zubarwa a juji su zama karnukan titi. Mai gidan kiwo ya tsaya a adadin da zai iya ciyarwa da wankewa, ya ɗaga katanga, ya nemi allurar kariya daga haukan kare ga duk wanda ke aiki a ɗakunan tun kafin cizo, kuma kada ya bar ƙananan yara su shiga wurin baƙon kare. Maƙwabcin da haushi ko wari ya dama ya fara da sallama da magana; in ba a gyara ba, akwai mai unguwa da duba-gari da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. Zuba guba a nama ba ya warware komai: yakan kashe kaji da awaki, yaro na iya ɗauka, kuma in an kashe karen da aka yi wa allura, wanda ba a yi wa ba ne zai cike gurbinsa.

Yaranmu su san kada su jefi kare, kada su taɓa mai cin abinci ko mai jego, in ya nufo su kuma su tsaya cak, su sauke hannu, kada su ruga. Mu tabbatar masu cewa in kare ya cije su ko ya yakushe su, komai ƙanƙantar wurin, su faɗa ba za a doke su ba, domin tsoron duka na sa yaro ya ɓoye. Mu manya mu san cewa ba kowane mahaukacin kare ke kai hari ba. Wani shiru yake yi, muƙamuƙi ya saki, miyau na dalala, mai shi ya ɗauka ƙashi ne ya maƙale ya tura hannu a bakinsa. Kada a yi haka.

In cizo ya auku, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a shafa aidin ko sifirit in akwai. Kada a sa toka ko barkono ko sassaƙe, kada a ɗaure. A tafi asibiti a ranar, a fara allura, a kammala ta a ranakun da aka rubuta ko da rauni ya warke. Raunin da ya huda fata ya yi jini, musamman a fuska ko wuya ko hannu, yana bukatar ƙarin wata allura da ake yi a cikin raunin kansa, a tambayi likita game da ita. Karen kuma, in an san shi, kada a kashe a jefar; a killace shi kwana goma a ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi. In ya cika goman da lafiyarsa, ba ya ɗauke da cutar a miyau lokacin da ya yi cizon, amma ba a jiran goman kafin a fara allura. In ya mutu ko an riga an kashe shi, kada a taɓa shi da hannu tsirara, a kira ma'aikatan dabbobi su ɗauki kan zuwa gwaji. Duk ranar 28 ga Satumba, tun daga 2007, ana gudanar da ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, kuma a wannan mako asibitocin dabbobi da yawa kan yi wa karnuka allura kyauta ko da rangwame. Mai kare ya tambayi asibitin da ke kusa da shi, ya tafi da katin.